Share Suna Kaɗai Ba Ya Rufa Asiri

Kowace ƙungiyar manoma tana da littafin rajista. A ciki akwai sunan mutum, da ƙauyensa, da shekarunsa, da girman gonarsa, da bashin da ake binsa. Idan wani ya roƙi wannan littafi domin ya koya wa kwamfuta ba manoma shawara, ya ce zai share sunaye tukuna, ya isa mu yarda?

A 1997 wata ɗaliba mai zurfin karatu a jami'ar MIT ta Amurka, Latanya Sweeney, ta gwada wannan. Hukumar inshorar ma'aikatan jihar Masacusets ta ba masu bincike bayanan asibiti na ma'aikata bayan ta share sunaye. Amma ta bar ranar haihuwa, da lambar gidan waya ta unguwa, da ko namiji ne ko mace. Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta garin Kambirij a kan dala 20, ta gwama su. Mutum 6 ne a garin ranar haihuwarsu ta zo ɗaya da ta Gwamna William Weld. A cikinsu 3 ne maza. Ɗaya tak ke zaune a unguwar gwamnan. Sai ta aika masa da bayanan jinyarsa har ofis.

Daga baya ta lissafta cewa abubuwan nan uku sun isa a gane kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka. To, balle ƙauye! In an rubuta "gwauruwa mai eka 3, ana binta buhu 2 na taki", har yara sun san ko wace ce.

Kwamfuta mai koyo kuwa ta ƙara wa abin nauyi, gama takan haddace abin da aka ba ta. A 2020 masu bincike sun sa wata mai suna GPT-2 ta fito da sunan wani mutum da lambar wayarsa da adireshinsa, daidai yadda ta haɗiye su daga intanet.

Ba mu ce a kori kowane baƙo ba. Amma kada sakatare ya miƙa littafin shi kaɗai. A kawo maganar gaban taro, a tambayi wa zai riƙe bayanan, har yaushe, wa kuma zai gani. Najeriya ta yi dokar kāre bayanan mutane a 2023, saboda haka tambayar hakkinmu ce. In jimlar buhunan da muka noma ake so, a ba da jimla. Shafin bashi kuwa ya zauna wurin ma'aji.