Tsanin da Aka Gina wa Mai Mata a Gida

In ka tsaya bakin kwalta a unguwar Zariya ta Maradi kafin ƙarfe takwas na safe, sai ka rantse mata ne ke riƙe da aikin gwamnati a garin nan. Ga malamar lakwal bisa kabu-kabu da littattafan yara a cinya, ga ungozoma ta taso daga aikin kwana idanu jajir, ga sakatariya tana saurin kai ɗanta wurin kakarsa. Amma bi su har inda za su, ka tambayi ɗakin da ake sa hannu a buga hatimi. Galibi namiji za ka tarar a kujerar, wani lokaci wanda suka fara aiki tare, wani lokaci ma wanda ya zo ya same su.

Ba doka ce ta ce a yi haka ba. Albashin gwamnati bai san mace ko namiji ba, kuma ma'aikaciya tana da hutun haihuwa na mako 14. Tun ranar 7 ga Yunin 2000 Nijar take da dokar kaso, wadda ta hana wani jinsi ya gaza kashi 10 cikin ɗari a kujerun zaɓe da kashi 25 a manyan muƙaman naɗi. A 2014 aka ɗaga kason zaɓe zuwa 15, a 2019 ya koma 25, na naɗi kuma 30. Dokar ta yi aiki a inda idonta ke gani: majalisar 1999 mace ɗaya tak ce a cikin 'yan majalisa 83, ta 2004 mata 14 cikin 113, wadda kuma aka rusa a Yulin 2023 sama da rubu'inta mata ne. Ba kyauta aka ba su ba. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka cika titunan Yamai don an sa mace ɗaya kacal a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, sai da aka ƙara musu kujeru suka koma gida. Ranar ce yanzu Ranar Matan Nijar. Cikin jagororin tattakin akwai Mariama Gamatié Bayard, haifaffiyar Maradi, wadda ta zama mace ta farko da ta nemi shugabancin ƙasa a 2011, ko da yake ba ta samu ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'u ba.

To amma dokar kaso saman tsani take kallo, mafi yawan mata kuwa a tsakiyarsa suke maƙale.

Ina da maƙwabciya, malamar firamare, shekararta goma sha da alli a hannu. Da kwantaragi ta fara kamar yawancin malaman ƙasar nan, daga baya aka ɗauke ta aikin dindindin. Hanyar gaba a aikinta sananniya ce: ta ci jarrabawa, ta tafi babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ta dawo mai ba malamai shawara, wata rana sufeto. Tsakanin Maradi da Yamai sama da kilomita 600 ne, karatun kuma ba na wata ɗaya ko biyu ba ne. In namiji ya ci, sai ya ɗaure jakarsa ya bar gida hannun uwargida, abokai su raka shi tasha. Ita sai ta nemi yardar maigida, ta nemi mai riƙe mata yara huɗu, ta shirya wa maganar dangin miji, sannan ta kwana da tunanin ko za ta dawo ta tarar da amarya a ɗakin da ke kallon nata. Sau biyu tana haɗa takardu tana mayar da su akwati. Ba wanda ya hana ta, kuma wannan ne ya sa da wuya a kama laifin a hannun wani. Tsanin ne aka gina don mutumin da ke da mata a gida.

Akwai kuma fada. Wanda ya san Maradi ya san labarin muƙamin da za a saki, da wanda za a canza wa wurin aiki, ba a jikin allon sanarwa yake fara fitowa ba. A kan tabarma yake fitowa bayan isha'i, tsakanin kofin shayi na farko da na uku. Mace ba ta nan. In kuwa ta ce bari ta rama ta hanyar yawan leƙa ofishin shugaba, kafin mako ya zagayo an yi mata suna. Namiji ya samu ƙarin girma sai a ce Allah ya sa alheri, mace ta samu sai a rage murya a ce wa ya tsaya mata.

Masu kuka da malamai mata suna da tasu hujjar, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Sun cunkushe a lakwal-lakwal na cikin gari saboda bin miji, ajin ƙauye kuma ba malami. Wannan tana hutun haihuwa, waccan ɗanta ba lafiya. Sai dai na sha jin wannan kukan daga bakin mutumin da in aka tura matarsa wani ƙauyen Dakoro, inda babu gidan malami babu likita kusa, gobe da sassafe zai fara zagayen ofis-ofis don a soke. Aikin daji shi ke sa a san ma'aikaci, shi ke kai shi ga shugabancin lakwal. An hana ta zuwa, sannan ranar rabon muƙami a ce ai ba ta taɓa yin daji ba.

A likita abin ya ɗan bambanta. Aikin ungozoma an bar wa mata ba gardama, don maza da yawa ba sa son namiji ya duba matansu. Amma ƙwarewar da ke kai mutum shugabancin sashe sai an ƙara shekaru a Yamai ko Dakar ko Maroko, kuma shekarun nan su ne daidai lokacin goyo. Shi ya sa nake ganin kafa jami'a a Maradi a 2010, wadda ake kira Dan Dicko Dankoulodo yau, ya yi wa 'yan matan garin nan abin da tarurruka ɗari ba su yi ba. Uban da ba zai bar 'yarsa ta tafi Yamai ba yakan yarda ta hau adaidaita ta je ta dawo ta kwana gida.

Duk wannan maganar 'yan tsirarun da suka kai bakin tsanin ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matasan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maradi kuwa kashi 89. Gwamnati ta fitar da ƙudurin riƙe yarinya a lakwal har shekara 16 a Disambar 2017, amma takarda ba ta biyan kuɗin littafi, ba ta kuma matso da kwaleji kusa da ƙauye.

Wanda ya ɗauka matsalar ta 'yan boko ce kaɗai, ya je Jiratawa. Zogalen da ake kwaɗantawa a Maradi, hannun mata ne ke tsinkarsa, ya dafa, ya kai kasuwa. Amma filayen noman rani masu gidaje aka raba wa, su ke zama a taron ƙungiyar manoma, su ke da ta cewa kan ruwa da taki. Marthe Diarra da Marie Monimart sun rubuta a 2006 yadda ƙarancin ƙasa a kudancin Maradi ke fitar da mata daga noma: gandu ya tsuke, gamanar da miji kan yanka wa matarsa ita ce ta farko da ake janyewa, wani lokaci a lulluɓe janyewar da sunan kulle. A kasuwa ma haka, tire da tiya na mata, tirela da sito na alhazai. Asusun Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta faro a yankin Maradi a 1991 har ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ya sa mata da yawa sun mallaki akuya da jarin ƙuli-ƙuli, ya koya wa wasu magana a gaban taro har suka tsaya takarar kansila. Sai dai daga jarin jaka hamsin zuwa bashin banki akwai rami, don banki takardar fili yake nema.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne masu cewa shugabancin mace baƙon abu ne da Nasara ya kawo. A fadar Maradi akwai Iya, a Tibiri akwai Inna ta Gobir, 'ya'yan gidan sarauta masu fadarsu da mutanensu, suna raba gardamar mata, ana jin maganarsu a sha'anin gari. Ofishin Faransawa ne ya zo ya ɗauki maza zalla a matsayin akawu da tafinta, har aka kai 1987 kafin mace ta farko, Aïssata Moumouni, ta shiga gwamnati. A 2009 kuma, da kotun tsarin mulki ta ce wa tazarcen Shugaba Tandja Mamadou a'a har ya rusa ta, mace ce ke shugabantarta, Fatimata Bazèye Salifou.

Bana maƙwabciyata ta sake fito da takardunta daga akwati. Ba wata doka ce ta canza ba. Mahaifiyarta ce ta yarda ta baro Tibiri ta zauna da jikoki in an ci, maigidan kuma ya ce sai dai a ga sakamako tukuna. Da dare, bayan an kwashe kwanuka, nakan hango hasken fitilar wayarta ta saman katanga tana bita, ƙaramin yana barci a bayanta.