CIWON ƁARIN KAI DA ƊALIBAI MASU AIKI DA MADUBIN LIKITA

Duk wanda ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ko kwalejin kiwon lafiya da azahar zai tarar da ɗalibai a jere, kowa ya duƙufa a kan madubin likita, watau na'urar nan mai girmama ƙwayoyin da ido ba ya gani. Aikin kan ɗauki sa'a 2 ko 3. Kafin a tashi, akan sami wanda ya dafe kai ya fita, wasu kuwa su zaci lalaci ne. Alhali kuwa sau da yawa ciwon ɓarin kai ne ya taso masa.

Wannan ciwo ya bambanta da ciwon kan gajiya. Yakan kama ɓari guda yana sara, tare da tashin zuciya da ƙin haske da ƙara, kuma yakan daɗe daga sa'a 4 har zuwa 72. Wasu kan ga walƙiya ko zane-zane a idonsu kafin ya sauka. Kimanin mutum 1 cikin 7 a duniya yana fama da shi, mata sun ninka maza wajen sau 3, kuma akan gaje shi.

Madubi ba shi ne tushen cutar ba, tsokano ta kawai yake yi. Ɗauki misalin neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, sai an duba aƙalla gurbi 100 a kan gilashin jini, an girmama shi sau 1,000, kafin a ce babu ƙwayar. Duk tsawon lokacin ido yana kafe cikin haske mai ƙarfi, wuya yana tanƙware, hoton kuma yana gilmawa kamar yadda hanya ke yi wa mai jirin mota. Ga warin fomalin da sauran sinadarai, ga zafin bazara, ga yunwa da ƙishirwa, tunda an hana ci da sha a ɗakin.

To, mafi yawan waɗannan suna da magani tun kafin a kai ga ƙwaya. Da farko ɗalibi ya daidaita tazarar bututun idon nan biyu har ya ga da'ira guda. Sa'an nan ya rufe idon hagu ya saita hoton da na dama, ya koma ya rufe na dama ya murɗa zoben bututun hagu har hoton ya fito tar. Wanda ya zauna a kan madubin da wani ya saita wa idonsa, idanunsa ne za su biya bashin. In madubin mai ido ɗaya ne, a bar idanu biyu a buɗe, kada a runtse ɗaya.

Haka kuma a rage hasken fitila zuwa iyakar abin da ake bukata, a ɗaga kujera ko madubin yadda baya zai miƙe. Bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. A karya kumallo, a sha ruwa kafin a shiga, a kiyaye lokacin barci. Mai yawan runtse ido ya je a auna masa gani, domin akwai lahanin da madubi ba ya gyarawa sai tabarau.

In ciwon ya taso, magani irin su farasitamol ko aibufirofen ya fi aiki idan an sha da wuri, a kuma kwanta a ɗaki mai duhu. Amma a yi hattara: shan irin waɗannan kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haddasa ciwon kai na kullum. Wanda ciwon ke yawan kamawa ya rubuta ranakun da abin da ya gabace su, ya kai wa likita, domin akwai magungunan rigakafi.

Ciwon kan da ya sauko farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da ƙagewar wuya, musamman da rani lokacin sanƙarau, ko da mutuwar ɓarin jiki, wannan sai asibiti nan take.

Malamai ma suna da nasu rabon. Minti 10 na koyar da saita madubi a ranar farko, da ɗan hutu a tsakiyar darasi, ba za su ci kuɗin kowa ba. Asibitocinmu na bukatar masu gwajin jini, kuma asara ce ɗalibi mai hazaƙa ya bar karatu saboda ciwon da ake iya shawo kansa.