Na'urar ko-ta-kwana: Abin da ke tsare kuɗin 'yan Tasawa da Mayahi idan wuta ta ɗauke

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take bai wa Nijar. A Tasawa da Mayahi da ke jihar Maraɗi, inda gidaje da dama ke jiran aiken 'yan ci-rani, irin wannan yanayi kan tayar da tambaya guda: idan kwamfutar da ke riƙe da lissafi ta mutu, ina kuɗin jama'a?

Bankuna da kamfanonin aika kuɗi kan adana bayanansu a manyan kwamfutoci biyu. Ta farko ce ke aiki, tana tura kwafin duk kuɗin da ya shiga ko ya fita zuwa ta ko-ta-kwana da ke wani wuri daban. Da zarar ta farkon ta tsaya, sai ta biyun ta karɓi ragama.

Matsalar tana cikin daƙiƙoƙin ƙarshe. Idan kwafin bai isa ba kafin tsayawar, jika goman da aka aiko a lokacin ba za ta bayyana ba.

Mayar da aiki kan ta farkon ya fi haɗari. Idan ta farfaɗo ta ci gaba da karɓar aike, kowacce za ta riƙe nata lissafin, har a biya kuɗi ɗaya sau biyu. Shi ya sa injiniyoyi ke killace ta, su daidaita bayananta da na ta biyun, kafin su mayar mata da ragamar.

Mai aike kuwa, ya adana rasit ɗinsa har sai kuɗin sun shiga hannu, domin shi ne shaidarsa.