Ƙoda Mai Ciwon Ɓoye, Da Zuciyar Tsofaffinmu

Daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da wuya a sami unguwa a birnin Zariya da ba a taɓa jin wannan magana ba: "Jiya ma mun gaisa da Baba, lafiyarsa ƙalau, yau aka ce ya faɗi." Mu kan ce zuciya ce ta tsaya. Gaskiya ne. Amma sau da dama ƙoda ce ta daɗe da gajiya, ba wanda ya sani.

Ƙodoji biyu su kan tace ruwan jini wajen lita 180 kowace rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi ko biyu, watau fitsari. Cikin abin da su ke fitarwa akwai wani gishiri da likitoci ke kira fotasiyam. Da shi zuciya ke daidaita bugunta. In ƙoda ta kasa, sai ya taru a jini, bugun ya rikice, har ya iya tsayawa farat ɗaya. Har wa yau ƙoda mai rauni ta kan riƙe ruwa da gishiri, jini ya hau, naman zuciya ya yi kauri. Zuciya mai kauri kuwa ta fi saurin rikicewa.

Abin tsoro shi ne, wannan ciwo ba ya ihu. Ƙarfin ƙoda ya kan ragu da shekaru, hawan jini da ciwon sukari su ƙara cinye shi, mutum kuwa yana zuwa gona da kasuwa. Kafin ƙafafu su kumbura, aikin ya yi nisa.

Mu Zazzagawa ya kamata mu fi kowa lura, gama a nan ne Davidson da Parry, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, suka bincika ciwon zuciyar masu jego a shekarun 1970, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Abin da ya wahal da mace mai ƙuruciya, ina ga tsoho mai shekara 70? Ga dunƙulen miya kuma, wanda wasu ke jefa uku huɗu a tukunya guda.

Wanda ya fi damunmu shi ne maganin ciwon jiki. Baba ya yi kukan gwiwa, sai a aiki yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen, a yi ta sha wata da watanni. Muna ganin taimako ne, alhali irin waɗannan ƙwayoyi suna ƙuntata wa ƙoda.

Gwajin ba wuya: a auna jini, a duba fitsari, a ɗebi jini kaɗan a ga aikin ƙoda. Mai hawan jini ko sukari ya yi shi ko sau ɗaya a shekara. Ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa, ga Asibitin Koyarwa a Shika. Ran da za ku kai Baba ko Inna, ku tattara dukan magungunan da su ke sha, har da na gargajiya, ku nuna wa likita.