3.4 Ɗaura Na'urar Auna Ƙarfin Baƙin Mai a Injin Mota a Falgore

3.4.0 Gabatarwa

A wannan sashe za a yi bayanin ɗaya daga cikin ƙananan ayyukan makanikai, wato ɗaura na'urar da ke auna ƙarfin baƙin mai a jikin injin mota. Falgoren da ake magana a kai ita ce wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, maƙwabciyar Ƙaraye, a yammacin Jihar Kano, ba dajin Falgore da ke kudancin jihar ba. Yanki ne na manoma, kuma mota ce ke kai mutane da amfanin gona kasuwanni. Da yawa daga cikin motocin haya na irin wannan yanki sun kwana biyu, irin su Golf da Hiace da J5, har da ragowar Peugeot 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975. Idan injin irin wannan mota ya buga, sai an nemo kayan gyara daga birnin Kano, a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa, mota kuwa tana ajiye, mai ita da direbanta ba su samun na cefane. Wannan ne ya sa aikin yake da muhimmanci duk da ƙanƙantarsa.

3.4.1 Amfanin Na'urar

Baƙin mai shi ne jinin inji. Famfon mai yana zuƙo shi daga kaskon da ke ƙasan inji, ya tura shi ta cikin filta, sannan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa ga sassan da ke jujjuyawa. Ƙarfin wannan turi ne ke sa mai ya shiga tsakanin karanshaf da metal, ya hana ƙarfe gogar ƙarfe. Da zarar ƙarfin ya faɗi, sai zafi ya taru, metal ya cinye, inji ya buga.

Kusan kowace mota tana zuwa da jar fitilar mai a gaban direba. Abin da ke kunna ta shi ne wani ɗan makunni da ke ɗaure a jikin inji, wanda makanikai ke kira suwic ɗin mai. Matsalarsa ita ce abu biyu kawai ya sani, akwai ko babu. A yawancin motoci ba ya kunna fitila sai ƙarfin mai ya sauko ƙasa da rabin ba, alhali inji mai lafiya yakan ba da tsakanin ba 2 zuwa 4 idan mota tana gudu. Ba kuwa ma'auni ne na ƙarfin turi, kuma ba ɗaya ya yi daidai da kusan fi-es-ai 14.5, wanda shi ne ma'aunin da ake gani a agogunan Amurka. Ke nan kafin fitila ta kama, sau da yawa ɓarna ta riga ta fara. Ita kuwa na'urar awo, wadda ake kira sensa, tana aika wa agogon da ke gaban direba saƙo a kowane lokaci, ta yadda zai ga allura tana sauka tun kafin abu ya ɓaci.

3.4.2 Kayan Aiki

Kayan da ake bukata sun haɗa da sensa da agogonta, da mahaɗa mai baki uku, da sufana, da waya, da fis, da kuma farin tef irin na masu aikin famfo. Wajibi ne sensa da agogo su zama 'yan gida ɗaya. Dalili kuwa shi ne, akwai sensar da ke aiki tsakanin om 10 zuwa 180, irin ta Turai, akwai kuma mai aiki daga om 240 zuwa 33, irin ta Amurka. Idan aka gauraya su, allura za ta nuna ƙarya, wani lokaci ma ta riƙa tafiya a baibai.

3.4.3 Matakan Ɗaurawa

Da farko ana kashe mota a bar inji ya huce, sannan a cire wayar batir ta ɓangaren ƙasa, wato mai alamar ragi. Daga nan sai a nemi inda suwic ɗin mai yake, wanda galibi yana kusa da filta ko a kan inji. Ana goge wurin sosai kafin a kwance shi, domin ƙwayar yashi guda idan ta faɗa ramin, cikin hanyar mai za ta wuce.

Mataki na biyu shi ne gwada zare, wato layukan murɗi da ke jikin sensa, waɗanda makanikai ke kira tiredi. A nan ne aka fi yin kuskure. Injinan Japan irin na Toyota sukan zo da zare mai layi 28 a kowane inci, sensar Amurka kuma tana da layi 27, yayin da injin Golf ke da zaren milimita 10. A ido duk kama suke yi da juna. Don haka ana fara murɗa sensa da hannu, idan ta ciza tun daga farko, to ba nata ba ne, sai a nemo mahaɗar da ta dace. Tilasta ta da sufana yana iya cinye zaren ramin ko ya tsaga jikin inji.

Mataki na uku, ana ɗaura mahaɗa mai baki uku a ramin, a mayar da tsohon suwic a baki ɗaya, a sa sabuwar sensa a ɗayan. Hikimar wannan ita ce direba ba ya kallon agogo koyaushe, amma jar fitila tana jan ido nan take. Idan sensar mai nauyi ce, an fi so a kafe ta a gefe a haɗa ta da tiyo mai jure zafi, saboda girgizar inji da ta hanya marar kwalta tana iya karya mahaɗar tagulla, mai ya tsiyaye cikin ɗan lokaci.

Game da tef kuwa, kaɗan ake naɗawa, kuma a bar layukan farko a buɗe. Sensa mai waya ɗaya ta jikin zarenta take haɗuwa da ƙarfen inji, saboda haka tef mai yawa yana katse wutar, guntunsa kuma yana iya toshe hanyar mai.

Mataki na huɗu aikin mai wayarin ne. Waya ɗaya tana tashi daga sensa zuwa agogo, ta biyu daga makulli ta bi ta fis, ta uku kuma a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Ana nesanta su duka daga salansa domin kada zafi ya narka su.

Daga ƙarshe sai a mayar da batir a ta da inji. Ya kamata fitila ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, allura kuma ta tashi. Ana duba wurin da aka ɗaure ko yana yoyo, a sake dubawa bayan inji ya yi zafi. Saukar allura kaɗan bayan inji ya ɗumama ba illa ba ce, domin zafi yana tsinka mai. Amma idan ta riƙa kwanciya kusa da sifiri, alama ce ta cinyewar metal, ko gajiyar famfo, ko toshewar rariyarsa, kuma kashe inji nan take ya zama dole.

3.4.4 Naɗewa

Bisa ga abin da ya gabata, za a fahimci cewa amfanin wannan na'ura ya rataya ne a kan ingancin ɗaurinta. Wadda aka ɗaura daidai tana gargaɗin direba da wuri, wadda aka ɗaura a karkace kuwa tana iya yaudararsa, ko ita kanta ta zubar da man. Hausawa dai na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka kuma an ga yadda sana'ar ta aro kalmomi irin su suwic da sensa da tiredi, ta kuma faɗaɗa ma'anar wasu da Hausa ta daɗe tana amfani da su, kamar agogo da allura da zare. A sashe na gaba za a dubi waɗannan kalmomi ta fuskar tsarin sauti da ƙirar kalma.