Ɗalibi da Tocila: Yadda Ake Fara Zane da Haske

Duk wanda ya taso a inda ake girki da itace ya san wasan nan da yara kan yi da daddare, in sun zaro bakin wuta daga murhu su dinga wulwula shi da sauri, har ka ga da'irar wuta tsaye a sarari, alhali kuwa garwashi ne guda ɗaya tilo yake sauya wuri. Masu hikima na da ba su raina wannan wasa ba, domin Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kafa hujja da irinsa, haɗe da ɗigon ruwan sama da ake gani tamkar miƙaƙƙen layi, a kan cewa akwai wani ƙarfi a cikin ɗan Adam da yake riƙe surar abin da ido ya gani bayan abin ya gushe daga muhallinsa. To, abin da ido ba ya iya riƙewa sai gwargwadon ƙiftawa, kyamara tana riƙe shi sakan talatin ko fiye, kuma a kan wannan ne aka gina fannin ɗaukar hoton da ake kira zane da haske.

Ita kyamara, komai tsadarta, ɗaki ce mai duhu da kafa guda, irin wanda Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna Alƙahira, ya yi gwaji da shi ya kuma bayyana a littafinsa Kitabul Manazir, sai dai ta zamani an yi wa kafarta ƙyaure. Da rana tsaka ƙyauren nan yakan buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa ɗari biyar na sakan ko makamancin haka. Amma idan dare ya yi, aka bar shi a buɗe, duk wani haske da ya gitta ta gabansa sai ya bar sawunsa tun daga inda ya faro har inda ya tuƙe, abin da kuwa haske bai taɓa ba, ko da ƙato ne yake kai da komo, ba zai fito ba ko kaɗan.

Waɗanda suka fara amfani da wannan dabara bincike ne ya kai su. A 1889, a Faransa, Georges Demeny, abokin aikin Étienne-Jules Marey, ya ɗaura ƙananan ƙwayayen lantarki a gaɓoɓin mutum don ya ga yadda tafiyarsa take, daga baya a Amurka kuma Frank Gilbreth da matarsa Lillian suka yi haka da hannuwan ma'aikata don su gane motsin da yake ɓata lokaci a wurin aiki. Shahara kuwa sai a 1949 ta zo, sa'ad da Gjon Mili, mai ɗaukar hoto na mujallar Life, ya ziyarci Pablo Picasso a garin Vallauris, ya nuna masa hotunan masu zamiya a kan ƙanƙara da aka maƙala wa fitilu a takalma, shi kuwa dattijon mai zanen ya karɓi 'yar fitila ya shiga zana surori a iska.

Ɗalibin da yake son ya jarraba a yau ba ya bukatar abin da ya wuce kyamarar da za a iya saita ta da hannu, ko wayar da take da irin wannan sashe, da tocila, da matokarin kyamara mai ƙafa uku, in babu kuma ya ɗora na'urar bisa tubali ko kujera ya tokare ta. Duhu ne kaɗai sharaɗin da ba shi da madadi, kuma a nan, a karo na farko watakila, zai yi maraba da ɗauke wutar lantarki. Sai ya sa ISO, wato ma'aunin jin haske na kyamara, a kan 100, kafar haske a kan f/8, lokaci kuma sakan goma sha biyar, ya haska wurin da zai tsaya ya daidaita ganin kyamara a kansa ya kulle, domin in an bar ta da kanta a cikin duhu sai ta yi ta lalube ba ta kama komai ba.

Galiban abin da ɗalibi yake fara rubutawa sunansa ne, kuma galiban abin da yake gani ba ya faranta masa rai. Ya tsaya yana fuskantar kyamara, ya rubuta harufa daga hagunsa zuwa damansa kamar yadda ya saba a allon aji, ya sheƙo da gudu ya duba, sai ya tarar sunan ya fito a juye kamar a madubi, saboda hagunsa ita ce daman kyamara. Bugu da ƙari, harufan duk sun sarƙe da juna da wasu siraran layuka, domin ya manta cewa tocila ba ta da ɗagawa daga takarda yadda alƙalami yake da ita, dole ne ya kashe ta ko ya rufe bakinta da tafin hannu tsakanin harafi da harafi. Ga kuma wata farar inuwa mai kama da fatalwa a bayan rubutun, wadda ba kowa ba ce face shi kansa, da ya shigo fili da farar riga ta dinga mayar da haske. Maganin na farko shi ne ya juya hoton daga baya ko ya koyi rubutu a juye, na ƙarshe kuwa baƙaƙen tufafi ne da rashin tsayuwa wuri ɗaya.

Akwai wata illa da takan ɗaure masa kai fiye da waɗannan, wato ya ga layukan suna karkarwa alhali hannunsa bai yi rawa ba, kuma sababinta yatsan da ya danna maɓalli ne ya girgiza kyamara, don haka ake sa mata jinkirin sakan biyu kafin ta buɗe. A ganina, darasi mafi wuya shi ne hisabin sauri, domin hannun da ya yi nawa yakan bar layi mai kauri da ya ƙone fari fat, wanda ya yi gaggawa kuma ya bar layi siriri da kyar ake ganinsa, kuma mutum yana zane ne bai ga abin da ya riga ya zana ba, sai dai ya riƙe shi a zuci yana ƙidaya a hankali. Wannan ya sa mafari ba safai yake iya haɗa bakin da'ira ba, ko da kuwa gwanin zane ne a takarda.

Idan hannu ya faɗa, sai ya koma ga kashi na biyu na fannin, wanda na fi ganin ƙimarsa ko da yake bai kai na farko ɗaukar ido ba. A nan ba a nuna wa kyamara bakin tocila, a'a, abu ake haskawa, kamar kututturen bishiya ko tsohon bango, ana shafa masa haske sannu a hankali daga gefe, ta yadda kowane tsagi da kowane tudu zai fito da inuwarsa, sauran wurin kuma ya zauna baƙi ƙirin. Ledar alewa ja ko shuɗiya da aka ɗaure a bakin tocila ta isa ta sauya launi.

Amma hotunan nan masu tartsatsi da matasa suke gani a intanet su yi sha'awa, waɗanda ake yi da soson ƙarfe mai laushi da aka cinna wa wuta ana wulwulawa a bakin igiya, lalle ne a yi hattara da su, domin tartsatsin ƙarfe ne mai tsananin zafi, yana tashi nesa, yana ƙona tufa da ido, kuma a lokacin hunturu busasshiyar ciyawa ba ta bukatar fiye da ƙwara guda. Ɗalibin da yake marmarin wannan siffa ya ɗaura 'yan ƙananan fitilu masu batir a bakin igiya, ya wulwula su yana juyawa a kan diga-digansa, igiyar kuma kada ta wuce kamu biyu don kada ta bugi ƙasa.