Daga Abuja zuwa Minna: Yadda ma'aikaci zai tsara hutun ƙarshen mako a babban birnin Neja

Duk ma'aikacin da ya laluba aljihunsa a Abuja ya ciro takardar Naira 20 da tsohuwar takardar Naira 100, to yana riƙe da taswirar wata tafiya da da yawa daga cikin abokan aikinsa ba su taɓa yi ba. A bayan Naira 100 da aka fitar a 1999 akwai hoton Dutsen Zuma. A bayan Naira 20 kuwa akwai Ladi Kwali tana ginin tukunya, a gabanta kuma Janar Murtala Muhammed, wanda gwamnatinsa ta ƙirƙiro Jihar Neja da Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976. Dutsen da cibiyar da Ladi ta yi aiki duk suna kan hanyar Minna, kuma a Minna ɗin ta rasu ranar 12 ga Agustan 1984.

Tsakanin Abuja da Minna kimanin kilomita 150 ne. Dubban ma'aikatan tarayya ma a cikin Jihar Neja suke kwana, a Madalla da Suleja, su yi sammakon zuwa ofis. Duk da haka, idan hutu ya zo, hankali yakan tafi Kaduna ko Kano ko Jos, a bar maƙwabciyar da ta bayar da kaso mafi girma na ƙasar da aka gina Abuja a kai. Asarar ta shafi ɓangarori biyu: ma'aikacin ya rasa sanin tarihin ƙasar da yake zaune a kanta, maginan tukwane da maƙeran jihar kuma sun rasa masu saye mafi kusa da su.

Lokacin da ya dace

Shirin da ya fi dacewa shi ne na kwana uku, daga safiyar Juma'a zuwa yammacin Lahadi, wato mutum ya nemi izinin kwana ɗaya a wurin aiki. Dalili shi ne wasu daga cikin wuraren da za a ziyarta na gwamnati ne, kuma an fi samun ma'aikatansu a ranakun aiki. Wanda bai samu izinin ba, ya tuntuɓi wuraren tun kafin ya tashi, ya ji ko za a buɗe masa ranar Asabar.

Yanayi ma abin dubawa ne. Daga Fabrairu zuwa Afrilu Minna takan yi zafi mai tsanani, yawon kasuwa da rana tsaka kan zama wahala. Damina ce ke cika ruwan Gurara, amma ita ce kuma ke ɓata hanya. Watannin Oktoba da Nuwamba sun haɗa alheri biyu: ruwan bai janye ba, doya kuma ta cika kasuwa. Hanyar Suleja zuwa Minna ta shafe shekaru ana aikin mayar da ita tagwaye, manyan motoci kuma ba sa rabuwa da ita, don haka a ware wa tafiyar sa'o'i uku ko fiye, a kuma tabbatar an shiga gari kafin magariba.

Juma'a: Zuma, Suleja da gidan tarihi

Wanda ya bar Abuja da sanyin safiya zai iske Dutsen Zuma a Madalla kafin rana ta ɗaga. Tsayuwar minti ashirin ta isa a ɗauki hoto a nuna wa yara siffar fuskar mutum da ke jikin dutsen.

Zango na gaba shi ne Suleja, garin da asalin sunansa Abuja. Abu Ja, ƙanen Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe da jihadi ya fitar daga Zariya, shi ya kafa garin a 1828. Da sabon birnin tarayya ya karɓi sunan, sai aka sauya wa tsohon garin suna zuwa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har yau sarautar garin Sarkin Zazzau Suleja ake kiran ta.

A nan ne Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko da ta yi hakan. Ta zo da gwanintar Gbagyi ta gina tulu da hannu, tana zana masa ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu, cibiyar kuma ta ƙara mata fasahar shafe tukunya da sinadari mai sheƙi da gasa ta a wuta mai tsananin zafi. An baje kolin ayyukanta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Cibiyar da yanzu take ɗauke da sunanta ta sha fama da rashin kulawa, kuma mai ziyara zai ga alamar hakan da idonsa. Ganin ma yana da amfani, musamman ga ma'aikacin da takardun kasafin al'adu da yawon buɗe ido ke bi ta kan teburinsa.

Idan an isa Minna aka yi sallar Juma'a, sai a nufi Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda ke cikin harabar sakatariyar tarayya, ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Ƙaramin wuri ne, sa'a ɗaya ta ishi mai ziyara. Fa'idarsa ita ce ya gabatar wa baƙo al'ummomin jihar, irin su Nufawa da Gbagyi da Kambari da Hausawa da Fulani, kafin ya je ya gan su a kasuwa. A nemi ma'aikacin da zai zaga da mutum yana bayani, domin abin da ke bakin ma'aikatan yakan fi wanda aka rubuta a jikin kayan.

Garin da jirgin ƙasa ya raya

Asalin Minna ƙauyen Gbagyi ne a kan tsaunin Paida, kuma masu bayar da tarihin garin suna danganta sunan da kalmomin Gbagyi masu ma'anar watsa wuta. Jirgin ƙasa ne ya sauko da garin daga kan dutse. Turawa sun shimfiɗa layin dogo daga Baro, a gaɓar Kogin Kwara, zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, kuma a Minna ne layin da ya taso daga Legas ya haɗu da shi. Nan da nan garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da doya da kaɗanya, ya kuma tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina a ƙasar.

Wannan cakuɗuwa ce ta sa Minna ta haifi mutanen da ba a cika haɗa sunayensu a wuri guda ba. A nan aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921, da Ben Okri a 1959, wanda ya ci kyautar adabi ta Booker a 1991. A nan kuma aka haifi shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida a 1941 da Janar Abdulsalami Abubakar a 1942, kuma dukansu a garin suke zaune. Yawon la'asar daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa zuwa shataletalen Mobil zai nuna wa baƙo tsohon garin da ya taso a gefen layin dogo. Wanda ke son wasan kwaikwayo ko baje kolin zane ya tambayi abin da ake yi a zauren U.K. Bello, wanda aka sa wa sunan dogarin Janar Babangida da aka kashe a yunƙurin juyin mulkin Afrilun 1990. Minna ba ta da jerin ɗakunan baje kolin zane irin na Abuja ko Legas; fasaharta tana hannun masu sana'a ne, a rumfuna da zaurukansu.

Asabar: Bida

Ranar Asabar ta Bida ce, garin Etsu Nupe, mai tazarar kimanin kilomita 90 kudu maso yammacin Minna. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen duniya masu ƙirƙira a fannin sana'o'in hannu da fasahar gargajiya. Unguwanni biyu ne suka fi jan baƙo. A Tswata Mukun maƙeran farin ƙarfe da tagulla ke zaune, suna ƙera faranti da buta da kwano da tasa, suna bubbuga musu ado da ƙaramar guduma. A Masaga kuwa masu aikin gilashi ne, waɗanda ke narka fasassun kwalabe a murhun ƙasa su mayar da su duwatsun wuya da awarwaro. Su da kansu suna cewa kakanninsu daga Misira suka zo da sana'ar. Masanin nan S.F. Nadel ya yi dogon bayani kan waɗannan ƙungiyoyin sana'a a littafinsa na 1942 kan daular Nupe, kuma abin sha'awa ne a tarar da jikokin waɗanda ya gani suna kan aikin.

Matsalar masu sana'ar a bayyane take. Kwanon roba da na silba na kamfani sun fi arha, duwatsun ado na waje sun cika kasuwa, matasa kuma ba sa zama a maƙerar da ba ta ciyar da gida. Faranti ɗaya da baƙo ya saya kai tsaye daga hannun maƙeri ya fi masa amfani a kan goma da dillali ya karɓa bashi. Ofisoshin gwamnati da ke sayen kyaututtukan karrama baƙi da masu ritaya suna iya duba wannan ɓangare.

Kafin a juyo, a leƙa ƙofar fadar Wadata, a kuma sayi ƙuliƙulin Bida da shinkafar yankin. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa tana Badeggi, kusa da garin, a tsakiyar fadamun da ake noman shinkafar. A bar Bida da la'asar sakaliya.

Lahadi: kasuwa da Gurara

Safiyar Lahadi ta cefane ce. Babbar kasuwar Minna ita ce ta Kure, wadda ke ɗauke da sunan Injiniya Abdulƙadir Kure, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. A can ake samun atamfa da kayan masarufi. Mai neman kayan gona kuwa ya nufi Kasuwar Gwari, inda matan Gbagyi ke kawo doya da gero da kayan miya, wasu ɗauke da kayan a kafaɗa kamar yadda al'adarsu ta tanada. Doya da man kaɗanya da busasshen kifi su ne tsarabar da ba a dawowa ba tare da ita ba. Doya akan saye ta ne a ƙwarya ko kashi, kuma a duba kowace ɗaya kafin a loda. Ya kamata a riƙe tsabar kuɗi, domin ba kowace mai talla ke karɓar turawa ta waya ba. Ciniki al'ada ce, amma tayin wulaƙanci ga matar da ta yi sammako daga ƙauye ba ya cikin mutunci. Haka nan ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa.

A hanyar komawa, ƙauyen Tatiko da ke kusa da Paiko ya shahara da ginin tukwane na hannu irin wanda Ladi Kwali ta taso a cikinsa. Daga nan sai Gurara, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kimanin mita 30. Wurin ya dace da shimfiɗa tabarma a ci abincin rana, sai dai duwatsun suna da santsi, ruwan kuma yana da ƙarfi da damina. A riƙe hannun yara, a kuma haƙura da wanka.

Batun Zungeru da tsaro

Mai son tarihi zai so ƙara Zungeru, hedikwatar mulkin Turawa a Arewa daga 1902 har zuwa lokacin da aka koma Kaduna, mahaifar Nnamdi Azikiwe a 1904 da Odumegwu Ojukwu a 1933, kuma mazaunin sabuwar madatsar lantarki mai ƙarfin megawat 700. Amma arewacin Minna ya sha fama da 'yan bindiga. A 2021 aka sace ɗaliban makarantar Kagara da na Islamiyyar Tegina, a Agustan 2023 kuma aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina. Saboda haka shiga yankunan Rafi da Shiroro da Wushishi yana buƙatar shawarar mutanen gari da jami'an tsaro a ranar tafiyar. Idan sun ce a dakata, a dakata. Kufan gidan gwamna ba zai gudu ba.

Sauran sharuɗɗan kowa ya san su: a duba lafiyar mota, a cika tanki tun daga Abuja, a kama masauki tun da wuri domin bukukuwan aure kan cinye ɗakuna a ƙarshen mako, a kuma sanar da wani na gida inda aka nufa. Waɗanda suka haɗa kai mutum huɗu a mota ɗaya sun raba kuɗin mai, sun kuma samu abokan hira.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ma'aikacin da ya dawo ofis ranar Litinin da farantin Bida a jaka da doyar Paiko a bayan mota ya san Jihar Neja fiye da yadda rahoton kowane kwamiti zai sanar da shi. Maƙerin Tswata Mukun kuma ya samu dalilin sake hura wuta a mako mai zuwa, ɗansa na zaune kusa da shi yana kallo.